Ruwan farko ba damina ba ne

Jama'ar Bobiel da sauran unguwannin Yamai, kowa ya san halin bazara. A watannin Afirilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 da rana. Sai wani yammaci hadari ya taso daga gabas, gari ya yi ja da ƙura, iska ta kaɗa, ruwa ya zuba. Kafin dare gari ya yi sanyi. Da safe duk mai gona a bayan gari ya ɗauki iri. Mu dai shawararmu ita ce a dakata.

Me ke kawo wannan hadari? Iska biyu ce ke karo. Ɗaya busasshiya ce mai zafi, daga hamada take zuwa. Ɗaya kuwa mai laima ce, daga teku take tasowa ta kudu. A bazara mai laimar ba ta zauna ba tukuna. Takan leƙo ta koma. Shi ya sa bayan ruwan farko akan yi mako biyu ko uku babu ko ɗigo. Gero ya tsiro, rana ta ƙone shi. Iri ya salwanta, a koma kasuwa saye da tsada.

Masana aikin gona sun ce shuka tana son ruwa kamar milimita 20 cikin kwana uku, kuma kada dogon fari ya biyo baya. A yankin Yamai damina ta fi kankama a watan Yuni. Saboda haka mu tona ƙasa mu ga zurfin laima. Mu kuma saurari hasashen yanayi a rediyo. Ma'aikatar kula da yanayi ta ƙasa ke bayar da shi. Cibiyar AGRHYMET ma, wadda aka kafa a 1974 bayan babban fari, nan Yamai take.

Wani zai ce: ai ruwa na Allah ne. Gaskiya ne. Wani kuma ya ce hasashe yakan kuskure. Haka ne. Amma kakanninmu ma sukan dubi gajimare da iska kafin su yi shuka. Hasashen kwana biyu ko uku ya fi shuka da ka.

Hadarin bazara yana da wata ɓarnar a cikin gida. Iskarsa takan yaye kwano, ta kada katanga. Tun yanzu mu ƙara wa rufi ƙusa, mu yaɓe bango, mu share magudanar ruwa. In hadari ya taso, mu shigar da yaran da ke kwana a tsakar gida, mu lulluɓe su. Kada kowa ya fake a gindin itace, saboda tsawa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mu gyara gona, mu adana iri, mu jira laima ta zauna. Allah ya ba mu damina mai albarka.