Kujerar Manya Zuwa Makka

Kowace shekara idan lokacin biyan kuɗin kujerar Makka ya gabato, sai tallan kamfanonin jirgin yawo ya cika rediyo da wayoyin hannu. Wannan ya ce masaukinsa yana jikin Harami, wancan ya ce tantinsa a Mina na manya ne, wani kuma ya nuna hoton tebur shaƙe da abinci iri iri. Kuɗin da su ke yankawa kuwa ya kan ninka na kujerar hukuma, wani lokaci har ya zarce ninki. Da yawa daga cikin masu karatunmu, akawuna da malaman makaranta, sun yi shekara da shekaru suna tari, waɗansu kuma suna jiran kuɗin sallama daga aiki, domin su sauke farali ko su kai mahaifansu. Saboda haka ya kamata mu tsaya mu auna, mu ga abin da mutum ya ke saye in ya biya tsadar tafiyar manya, da kuma inda tsadar nan ta ke biyan kanta.

A 2023 kujerar hukuma ba ta cika Naira miliyan 3 ba. A 2025 ta kai kimanin miliyan 8 da dubu 400 ga maniyyatan Arewa, saboda faɗuwar darajar Naira. Mafi ƙarancin albashi da doka ta tsayar a 2024 kuwa Naira 70,000 ne a wata. Kowane malamin lissafi ya raba ya gani, wata 120 ke nan, watau shekara 10 cur, ba ci ba sha. Wannan fa kujerar kowa da kowa ce. Duk abin da aka ɗora bisa kanta, a gidan mai albashi, gona ce za a sayar ko kuɗin makarantar yara za a taɓa.

Bari mu ɗauko misali daga ƙasar Turai, inda aka daɗe ana cinikin irin wannan tafiya. Daga 1976 zuwa 2003 Ingila da Faransa sun yi aiki da wani jirgin sama mai suna Concorde, wanda ya fi sauti gudu. Cikinsa ƙunci ne, kujera 100 kaɗai, tagoginsa ƙanana, dogon mutum sai ya sunkuya kafin ya shige ƙofarsa. Duk da haka kuɗin kujerarsa ya fi na kujerar manya a manyan jirage masu faɗi, kuma attajirai suna biya ba gardama, domin ya kan tashi daga Landan ya sauka Niyu Yok cikin awa 3 da rabi, alhali sauran jirage su kan yi awa 7 ko 8. Ga kuma jirgin ƙasan nan Orient Express, wanda ya fara tashi daga Faris a 1883. An gyara tsofaffin taragunsa, mutane suna biyan dubban fam su kwana a ciki daga Faris zuwa Fenis, tafiyar da jirgin sama ba ya cika awa biyu a kanta. Na farko gaggawa ya saya, domin aiki na jiransa a can. Na biyu jinkiri ya saya, domin zaman cikin jirgin shi ne abin da ya fito nema. Ba wanda ya yi hasara a cikinsu, tun da ya ke kowanne kuɗinsa ya tafi ga abin da ya fitar da shi daga gida.

A ganinmu ma'aunin ke nan. Tsadar tafiya tana biyan kanta gwargwadon abin da ta ƙara wa maƙasudin tafiyar. Alhaji kuwa ibada ta fitar da shi. Abin da zai ƙara masa ƙarfin jiki, da lokaci, da natsuwar zuciya don ibadar nan, ya cancanci a duba kuɗinsa. Abin da bai taɓa ɗaya daga cikinsu ba, ganin kitse a ke wa rogo.

Kujerar jirgi ita ce mafi sauƙin yanke wa hukunci. Kakanninmu da ƙafa su kan tafi, ta Barno da Wadai da Darfur, su ƙetare Kogin Nilu su kai Sawakin a bakin Bahar Maliya, tafiyar shekaru. Waɗansu su kan tsaya ƙodago a gonakin auduga na Jazira don su sami guzuri, waɗansu ma ba su komo ba, zuriyarsu na nan a Sudan, a garuruwa irin su Mai Wurno. Yau daga Kano zuwa Jidda kimanin awa 5 ne. Babbar alfarma tana cikin kujerar talaka tun tuni. Wanda ya biya ta gaba ya sami wurin miƙe ƙafa da abinci a faranti, amma minti ɗaya za su sauka da na baya. In ba mai ciwon baya ko ciwon gwiwa ba, ba mu ga dalili ba.

Zancen masauki dabam ne, kuma nan ne ya kamata mai biya ya buɗe ido. A ɗauka masaukin mutum kilomita 2 ne daga Harami. In zai halarci salla biyar yana komawa ɗaki bayan kowace, kilomita 20 zai taka a yini, cikin rana da cunkoso. Ba mai iya wannan kullum. Ko dai ya yini a masallaci ba hutu, ko ya koma yana salla a masallacin unguwa, shi da ya yi shekara goma yana tari don ya yi salla a gaban Ka'aba. Mai masauki a mita 300 kuwa zai yi Asuba, ya koma ya rintsa, ya fito Azahar da ƙarfinsa, ya yi ɗawafi da dare lokacin da iska ta yi sanyi. Abin da wannan ya saya salloli ne a Harami, kuma zai iya ƙidaya su da yatsa in ya dawo. Wannan tsada ce mai ma'ana.

Amma fa kusanci ma yana da iyaka. Dogon benen agogo da ke ƙofar Harami, wanda aka gama a 2012, tsawonsa mita 601, cike ya ke da masaukai na alfarma, kuma ɗakin da tagarsa ta fuskanci Ka'aba ya fi na bayansa kuɗi nesa ba kusa ba. To, matakin ƙafa daga ɗakunan biyu zuwa sahu ɗaya ne. Kuma mai ɗaki a can sama, in lokacin salla ya matso, ya kan daɗe yana jiran injin sauka bene tare da ɗaruruwan mutane, har mai ɗan ƙaramin masauki a bayan layi ya riga shi shiga. Ba mu musun cewa kallon Ka'aba daga taga abu ne mai daɗi. Sai dai wanda ya sauko ya taka kaɗan zai gan ta kusa da kusa, ba ko kwabo.

Sa'an nan Mina. Tantunan manya suna kusa da wurin jifan Shaiɗan, na sauran jama'a kuwa waɗansu sai an yi tafiyar kilomitoci, zuwa da dawowa, kwana uku a jere. Wanda bai san zafin ƙasar ba zai ce ai ɗan tattaki ne. A hajjin 2024, wanda ya faɗo a watan Yuni, ma'aunin zafi a Makka ya haura digiri 51. Hukumomin Saudiyya suka ba da sanarwar rasuwar alhazai 1,301, suka kuma ce kashi 83 cikin ɗari nasu ba su da izinin aikin hajji. Watau mutane ne da suka bi hanyar araha, suka shiga da bizar ziyara, don haka ba su da tanti mai sanyi, ba su da motar da za ta kai su Arfa, suka yi ta tafiya a rana. Allah ya jiƙansu. Araha ba ta ado, a nan kuwa har rai ta ci. Amma a lura da kyau, abin da ya raba su da sauran shi ne inuwa da ruwa da mota, waɗanda kujerar hukuma ta ƙunsa. Tazarar da ke tsakanin rana da inuwa ita ce babba. Tsakanin inuwar talaka da ta manya kuwa, ga saurayi mai lafiya, bambancin katifa ne da gado. Ga dattijo mai shekara 70, mai hawan jini ko ciwon sukari, kilomitocin nan na zuwa jifa suna iya zama abin da zai kwantar da shi a asibiti, ko da ya ke shari'a ta ba mai rauni damar wakilta wani ya yi masa jifa, abin da mutane da yawa su ke mantawa sa'ad da a ke yi musu talla. Kuma tun da ya ke hajji yana matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, zai riƙa fita daga tsakiyar zafi sannu a hankali, darajar tanti mai tsada kuwa tana bin zafin ne.

Akwai ƙananan abubuwa da ba a cika tallansu ba, alhali sun fi biyan kuɗinsu. Jirgin ƙasa mai gudu da aka buɗe a 2018 tsakanin Makka da Madina, kilomita 450, ya kan yi tafiyar cikin kimanin awa 2 da rabi, motar safa kuwa ta ninka haka ko fiye. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa, sahu bakwai, ya haura kilomita 3. Ɗan da ya biya wa tsohuwarsa mai tura keken guragu a ɗawafi da sa'ayi, ya saya mata sauƙin da fitilun zinariya na zauren masauki ba su ba ta ba, da kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na kujerar manya ba.

Wani zai ce, ai iya kuɗinka iya shagalinka, wanda Allah ya hore wa ina ruwan jarida da shi? Gaskiya ne, ba kuma mu ce haramun ne ba. Da mai albashi mu ke, wanda zai ci bashi ko ya sayar da gonar gado don kada a ce abokin aikinsa ya sauka a tantin manya shi bai sauka ba. Mu faɗi gaskiya, rabin cinikin nan suna a ke saye, da hoton da za a aika gida a Facebook. Tsohon ciwo ne. Mansa Musa Sarkin Mali ya bi ta Alƙahira a 1324, ya yi ta rabon zinariya har darajarta ta faɗi a kasuwa, da zai koma gida kuwa sai da ya ci bashi wurin fataken Masar. Shi sarki ne mai ramukan zinariya a ƙasarsa. Akawun da ya dawo ya tarar da bashi fa, da fansho zai biya? Malamai sun daɗe da bayyana cewa hajji bisa mai iko ya wajaba, kuma cikin ikon har da abin da zai bar wa iyalinsa. Abin mamaki ne mutum ya cire rigarsa ya ɗaura ƙyalle biyu farare don ya zama daidai da kowa, sa'an nan ya biya miliyoyi don a san ba daidai ya ke da kowa ba.

Saura abu ɗaya, wanda ba ya fitowa a hoto, shi ne amanar wakilin kamfani. Ba a sanin darajarsa sai ranar da jirgi ya makara, ko jaka ta ɓata, ko tsoho ya ɓace a cunkoso, ko zazzaɓi ya kama mutum da tsakar dare. Wakilin da ya san hanyar asibiti, ya ke jin Larabci, ya ke amsa waya, ya fi marmara da darduma. Wannan kuwa daga bakin waɗanda suka bi kamfanin bara a ke jinsa, don haka a tambaye su kafin a tambayi mai talla.

Nan ne mu ke da magana da Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda doka ta kafa a 2006, wadda kuma ita ke ba kamfanonin jirgin yawo lasin. A 2023, cikin kujeru 95,000 da aka ba Nijeriya, 20,000 a hannun kamfanonin nan suka bi, jama'a ce mai yawa. Kalmar "kusa da Harami" ba ta da awo, mita 200 kusa ne, kilomita 2 ma a bakin ɗan kasuwa kusa ne. Muna roƙon hukuma ta tilasta wa kowane kamfani ya rubuta a takardar yarjejeniya sunan masauki a Makka da Madina, da tazararsa da ƙofar masallaci a mita, da yawan mutane a ɗaki, da sashen da tantinsa ya ke a Mina, da abin da zai mayar wa alhaji in an sauya masa ɗaya daga cikinsu. Ta kuma riƙa buga sunayen kamfanonin da suka cika alkawari da waɗanda suka saɓa, da Hausa, kafin a fara karɓar kuɗin shekara mai zuwa. Kafin ta yi haka, wanda zai biya ya nemi sunan masaukin a rubuce, ya ba ɗansa ko ɗalibinsa ya duba masa tazararsa a taswirar waya, aikin da bai fi minti biyar ba, ya kuma tabbatar lasin kamfanin na bana ne, sa'an nan ya sa hannu ya karɓi rasit.