Zafin Ƙasarmu da Kayan Lantarki: A Duba Kafin a Saya

In bazara ta kama, akan ji kuka daga ofisoshi da makarantu, wai rediyo ta lalace, ko na'urar wutar rana ta mutu. Nan da nan sai a ɗora wa mai gyara laifi. Mu dai a ganinmu, sau da yawa tun wurin saye aka yi sake.

A cikin irin waɗannan na'urori akwai wani ɗan abu da masu gyara ke kira kwandansa, wanda aikinsa ajiye lantarki na ɗan lokaci. Falle biyu ne na ƙarfe, da wani abu a tsakaninsu wanda lantarki ba ya ratsawa. A 1837 Michael Faraday na Ingila ya nuna cewa yawan abin da kwandansa ke ajiyewa ya danganta ga wannan abu na tsakani. Takarda ta fi iska, dutsen maika ya fi takarda, wani irin tangaran kuwa ya fi iska sau dubbai.

To, amma kowane allazi da nasa amanu. Tangaran mai alamar Y5V yana iya rasa kashi 82 cikin 100 na ajiyarsa tsakanin sanyi da zafin da aka ƙayyade masa, alhali mai alamar X7R ba ya kaucewa fiye da kashi 15. Akwai kuma kwandansa mai ruwan magani a ciki, wanda zafi ke busarwa. Ƙa'idar masana ita ce, duk ƙarin digiri 10 yana rage rabin kwanansa. Watau in biyu suna da alkawarin awa 2000, ɗaya a digiri 105, ɗaya a 85, na farkon zai yi ninki huɗu na kwanan na biyun.

Ga shi kuwa a Sakkwato da Maiduguri zafin Afrilu yakan haura digiri 40, balle cikin akwatin na'ura ƙarƙashin rufin kwano. Araha ba ta ado. Kuɗin jama'a ne ke narkewa.

Saboda haka muna roƙon akawuna masu odar kaya su tambayi wannan lamba kafin su sa hannu, a kuma ajiye na'urori inda iska ke ratsawa. Malamai kuma su nuna wa yara rubutun da ke jikin kwandansa, don mai gyaran gobe ya san abin da yake musanyawa. Allah ya sa a gane.