Kuɗin Leda na Ƙasashen Waje: Ina Mai Ƙaramin Ƙarfi Zai Samo Su?

Sharhinmu na yau daga Sheda yake zuwa muku, a ƙaramar hukumar Kwali ta Babban Birnin Tarayya. Magana ce a kan masu sha'awar tara kuɗin leda na ƙasashen waje, wato masu neman takardar kuɗi don su adana ta a kundi, su riƙa dubawa, su san ƙasar da ta buga ta da labarin hoton da ke jikinta. Kukan da ake yawan ji daga bakinsu shi ne abin ya fi ƙarfin aljihun talaka. Ni ban yarda ba. A ganina tsadar tana zuwa ne daga inda suke nema.

Kafin mu tsallaka iyaka, duk mutumin wannan yanki ya ciro naira 20 ya juya bayanta. Matar nan da ke zaune tana ginin tukunya Ladi Kwali ce, 'yar wannan ƙasa, wadda ta shiga makarantar ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, Sulejar yau, a 1954, ta kuma rasu a 1984. Wannan naira 20, mai hoton Janar Murtala Muhammad a gaba, ita ce kuɗin leda na farko da Babban Bankin Najeriya ya fitar, a watan Fabrairun 2007. Naira 5 da 10 da 50 suka biyo baya a 2009. Yau tsadar rayuwa ta sa waɗannan ƙananan kuɗi sun kusa ɓacewa daga hannun mutane, har mai shayi ya daina neman su. Wanda ya ci karo da sabuwa fil a canjin da aka ba shi, ya ajiye ta, domin da irinta zai yi musaya da baƙo nan gaba.

Asalin fasahar daga Ostareliya take. Babban bankin ƙasar da hukumar binciken kimiyyarta, CSIRO, su suka ɗauki shekaru suna neman takardar da za ta gagari masu buga jabu, har suka fitar da dala 10 ta leda a 1988. Zuwa 1996 duk kuɗin ƙasar sun koma leda. A Afirka, Zambiya ce ta riga kowa, a 2003. Ledar da kanta wani nau'in roba ne da ake kira polypropylene, kuma masana sinadarai na cibiyar kimiyya ta SHESTCO da ke nan Sheda sun fi ni iya bayaninsa. Abin da ya shafe mu shi ne, ƙasashe da yawa ƙananan kuɗinsu suka fara mayarwa leda, saboda su ne suka fi yawo hannu zuwa hannu, suka fi saurin tsufa. To, ashe mafi yawan abin da mai tarawa ke nema ƙaramin kuɗi ne a ƙasarsa.

Mu ɗauki riyal 5 na Saudiyya, wanda ya koma leda a 2020. Gabansa hoton Sarki Salman ne da rijiyoyin mai na Shaiba, bayansa furannin daji. Riyal 3.75 ne dala ɗaya, kun ga riyal 5 bai kai dala ɗaya da rabi ba. Kowace shekara dubban alhazai ke tashi daga Abuja, ban da masu Umara da ba sa yankewa. Wane alhaji ne ke dawowa babu ragowar riyal a aljihun jallabiya ko a gindin jakar hannu, tare da tasbaha da kwalbar turare? Sau da yawa nan za ta zauna har a manta da ita. Idan ka je yi wa baffanka barka da dawowa, bayan an sha zamzam an ci dabino, babu kunya ka ce, "Baba Alhaji, in akwai ragowar riyal biyar, a sayar mini." Mafi yawanci ma dariya zai yi, ya ce ɗauki, Allah Ya yi maka albarka. Wanda ya fi wayo kuwa tun kafin tafiya yake roƙo, ya ce a nemo masa sabuwa, a saka ta cikin littafi kada a naɗe.

Haka abin yake da 'yan kasuwarmu masu zuwa Dubai, inda dirhami 50 ya koma leda a ƙarshen 2021, dirhami 5 da 10 suka bi sahu a 2022. Haka da masu zuwa Alkahira karatu ko neman magani: fam 10 na Masar na leda ya fito a 2022, da hoton masallacin Al-Fattah Al-Alim a gaba, gunkin Sarauniya Hatshepsut a baya, fam 20 kuma a 2023. Ɗalibanmu da ke Malesiya suna dawowa da ringit 1 da ringit 5, na biyun mai hoton tsuntsun nan mai ƙaton baki, ɗan uwan cilakowa. Dong 10,000 na Biyetnam, duk yawan sifilinsa, bai kai rabin dala ba. Leu ɗaya na Romaniya ma haka. Mutumin da ke zaune tsakanin Kwali da Gwagwalada, kusa da jami'a da asibitin koyarwa da cibiyar bincike inda malamai da likitoci ke fita taro ƙasashen waje, bai kamata ya rasa wanda zai roƙa ba.

Maƙwabtanmu dai ba za su taimaka ba a nan. Sefar Nijar da Binin da Kamaru takarda ce, sidin Gana ma haka. Sai ka miƙa zuwa Muritaniya, wadda ta mayar da kuɗinta duka leda a 2018, ko Gambiya da ta taɓa fitar da dalasi 20 na leda.

Hanya ta biyu, bayan matafiya, 'yan canji ne, na Zone 4 a Wuse ko na Wapa a Kano. Su harkarsu dala ɗari ce da fam hamsin da yuro. Ƙaramar takarda ta ƙasar da ba kowa ke zuwa ba kaya ce gare su, ta kan kwana a aljihun tebur ba mai tambaya. Ka je wurin mai lasisi, mai ofis, ka ce, "Alhaji, ko akwai ƙananan kuɗin da ba sa tafiya?" Kada ka nuna zumuɗi, don ɗan canji yana karanta fuska kafin ya karanta lamba. Ka san farashin canjin ranar tun daga gida. A nan ne ake samun fam 5 na Ingila mai hoton Winston Churchill, wanda ya fito a 2016, da dala 5 ta Kanada. Wannan fam 5 ɗin ma ya tayar da ƙura lokacin da Bankin Ingila ya amsa cewa akwai ɗan ɓurɓushin kitsen dabba a cikin ledar, mabiya addinin Hindu da masu ƙin cin nama suka yi ta ƙorafi, bankin kuma ya ci gaba da bugawa.

Intanet ita na ajiye a ƙarshe, kuma da gangan. Ana samun komai a can, amma takardar da ba ta kai rabin dala ba sai a sa mata dala biyu ko uku, kuɗin aikowa kuma ya ninka na kayan, sannan a zauna zullumin ko wasiƙar za ta iso. Idan ya zama dole, mutum huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su yi odar ƙunshi guda, a raba kuɗin aikowa. A kuma yi hattara da wasu robobi masu ruwan zinare da ake tallatawa da sunan kuɗin tunawa. Babu babban bankin da ya buga su, kayan wasa ne. Kuɗin leda na gaskiya yana da taga garai-garai wadda jikin takardar ce, ba liƙa ta aka yi ba, kuma in ka sa farce a gefenta ba za ka ji gaɓa ba.

Akwai iyakoki biyu da ya kamata a kiyaye. Sashe na 21 na dokar Babban Banki ta 2007 ya haramta sayar da takardun naira da liƙi da tattaka su, hukuncin kuwa ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira 50,000, ko duka biyun. Don haka kada sha'awar sabuwar naira 50 ta kai ka wurin masu sayar da sabbin kuɗi a bakin ɗakin biki. Ta fuskar addini kuma, malamai sun yi bayani cewa canjin kuɗi hannu da hannu ake yinsa, kuma kuɗi iri ɗaya ba a musanya shi da ƙari. Naira da riyal a daidaita a kan abin da aka yarda, a biya nan take. Naira da naira kuwa, a tambayi malam kafin a ƙara ko kwabo.

Saura ajiya, inda da yawa ke asarar abin da suka sha wahalar samu. Leda ba ta tsoron ruwa, amma ba ta shiri da zafi. Kada a ce za a goge ta da dutsen guga don ta miƙe, nan take za ta ƙanƙance ta murɗe. Kada a kai ta shagon kwamfuta a manne ta cikin roba kamar takardar shaidar makaranta, domin daga ranar ta tashi daga kuɗi. Kada a bar ta a rana, fentinta a saman ledar yake, shi ya sa tsohuwar naira 10 ke koɗewa har a kasa gane fuskar Alvan Ikoku. A shimfiɗa kowace a aljihun kundi, a rubuta ƙasa da shekara da sunan wanda ya kawo ta a wata takarda daban. Mai son ganin yadda ƙwararru ke jera nasu, akwai gidan tarihin kuɗi a hedikwatar Babban Banki a tsakiyar Abuja; sai dai a nemi izinin ziyara kafin a kama hanya daga Sheda.