Ba kowane ciwon tsoho ne tsufa ba

Yarinyar da ta tashi a gidan Bahaushe ta san ba a gaida tsoho a tsaye, ba a kuma kiran sunansa gatsal. Ita ɗin ce za ta yi shekara uku a makarantar koyon aikin jinya, ta sa fararen kaya, sai a iske ta a bakin gadon wani dattijo tana tambayar ɗansa: "Ya ci abinci? Ya yi fitsari?" Alhali Baba na kwance ido biyu, hankalinsa garau, yana jin kowa. Babu zagi, babu tsawa. An dai tsallake shi ne a kan maganar jikinsa.

Jama'a sun fi yin ƙorafi kan nas mai hantara, kuma suna da gaskiya. Sai dai abin da ya fi cutar da tsofaffi a asibiti da murya mai taushi ake faɗinsa: "Ai tsufa ne, sai haƙuri."

A ɗauki tsohuwar da aka kwantar jiya tana hira da kowa, yau ta wayi gari ba ta gane jikokinta, tana fizge robar ƙarin ruwa, tana kiran mutanen da suka daɗe da rasuwa. Dangi za su ce Iya ta fara ruɗewa. In nas ta gyaɗa kai ta wuce, an yi asara, domin ruɗewar da ta zo cikin kwana ɗaya ko biyu galibi alama ce ta wani abu da ke da magani: cutar mafitsara, limoniya, ƙarancin ruwa a jiki, faɗuwar suga, ko wani maganin da ya yi mata ƙarfi. Tsoho na iya ɗauke da cuta mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba. Ciwon mantuwa na ainihi kuwa a hankali yake shigowa, cikin watanni da shekaru. Likita zagaye yake yi ya tafi. Wadda ke ɗakin dare da rana ita ce za ta fara lura cewa Iyar yau ba ta jiya ba ce.

Haka gyambon kwanciya. Wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki yana bukatar a riƙa juya shi kusan duk bayan awa biyu, amma sau da yawa an bar wa 'yar da ta zo jinya wannan aiki, ba wanda ya nuna mata yadda ake yi.

Matsalar ba ta Najeriya kaɗai ba ce. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya ce mutum ɗaya cikin biyu a duniya na yi wa tsofaffi kallon raini saboda shekarunsu. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna kula da tsofaffi na cikin fannonin da ɗaliban jinya ba su cika zaɓa ba. An fi son tiyata da ɗakin haihuwa.

Su ma ma'aikatan jinya suna da nasu uzurin. A farkon 2024 magatakardan hukumar da ke kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa, Faruk Abubakar, ya ce ma'aikatan jinya kusan 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku. Wadda aka bari da ɗaki guda ita kaɗai da dare, ina za ta samu lokacin zama da tsoho? Shi kuwa lokaci yake ci. Jijiyarsa wuyar samu, kunnensa ya yi nauyi, ga kunya: dattijo zai kwana yana murƙususu bai gaya wa sa'ar jikarsa cewa fitsari ya ƙi fita ba.

Amma ƙarancin hannu bai isa ya wanke kowa ba. Juyowa a fuskanci tsoho a ce "Baba, ina ke maka ciwo?" ba ya cin minti ɗaya. Abin da ya yi ƙaranci shi ne horo. Cibiyar farko da aka gina musamman don lafiyar tsofaffi a ƙasar nan sai a 2012 aka buɗe ta, a asibitin koyarwa na Ibadan. An sa hannu kan dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a 2018, gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan tsufa a 2021, amma takardun Abuja ba su ke juya marar lafiya a gado ba.

Hukumar jinya da makarantunta na iya farawa da abin da ke hannunsu. Kamar yadda ɗalibar ungozoma ba ta samun shaida sai ta karɓi haihuwa da hannunta, kada ɗalibin jinya ya fita sai ya yi makonni yana kula da tsofaffi, malami na tsaye yana ba shi maki kan yadda ya gano ruɗewar farat ɗaya, yadda ya duba bayan wanda ya daɗe a kwance, da kuma ko da marar lafiyar ya yi magana ko da ɗansa. Asibitoci kuma su tabbatar ɗakin maza bai kwana babu nas namiji ba.