Agogon da na rubuta da layi biyar



A littafin rubutuna na darasin kwamfuta akwai shafi uku cur a kan BASIC. Na kwafe su daga allo, na haddace, na ci gwaji da su. Na san CLS yana share fuskar kwamfuta, PRINT yana rubutu a kanta. Amma har muka yi hutun da ya wuce ban taɓa ganin CLS ya share komai ba, sai dai Malam ya share allo da tsumma.

Da hutu yayana da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ya zo Zakka da wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka. Na nuna masa littafina ina taƙama. Ya buɗe QBasic, fuska shuɗiya, ba hoto ko ɗaya sai wata 'yar alama tana ƙyaftawa, ya ce, "To gwanar, rubuta mini agogo."

Na ce, "Yaya, ai ba a koya mana agogo ba."

Ya gaya mini kalma ɗaya kawai, TIME$. Na rubuta PRINT TIME$, sai ga lokaci ya fito. Na yi murna, amma murnar ba ta daɗe ba, domin lambobin sun tsaya cik. Kwamfuta ta yi abin da na ce sau ɗaya ta yi shiru. Sai na sa umarnin tsakanin DO da LOOP don ta yi ta maimaitawa. Wannan karon lambobi suka rinƙa zubowa daga sama har ƙasa kamar an kwance bakin buhun gero, ba abin da ido ke iya karantawa. Yaya na ta dariya, ya ƙi taimaka mini sai da na kusa kuka.

Daga nan ya nuna mini cewa fuskar tana da layi 25 daga sama zuwa ƙasa, kowane layi yana ɗaukar harafi 80. Idan na rubuta LOCATE 12, 36 kafin PRINT, kullum sabon lokaci zai hau kan tsohon a wuri ɗaya, a tsakiya. Na gwada. Daƙiƙa ta fara canzawa a gabana, ɗaya bayan ɗaya. CLS, DO, LOCATE, PRINT, LOOP: layi biyar ke nan.

Saura matsala biyu. Agogon ya ce ƙarfe 16, alhali mu nan ƙarfe huɗu na yamma muka sani. Ni da kaina na gano sai an cire 12 daga duk abin da ya wuce 12, kuma ranar ce na fahimci amfanin IF da THEN da muka haddace. Ta biyun ta fi ban haushi: an kira la'asar tun ɗazu, agogona yana baya da kusan rabin awa. Ashe shirin ba ya sanin lokaci, abin da ke cikin kwamfutar yake karantowa, ita kuma 'yar batirinta mai kama da kwabo ta yi sanyi.

Ra'ayina shi ne, bai kamata mu gama aji uku muna koyon kwamfuta a allo kaɗai ba. Abin da na gane a yammaci ɗaya ya fi abin da na haddace a zango guda, kuma ba don na fi kowa kai ba. Kuskuren da na yi ne ya koya mini, littafi kuwa ba ya nuna maka ka yi kuskure. An ƙirƙiro BASIC a Amurka tun 1964 musamman don ɗalibai masu farawa su rinƙa gwadawa da hannunsu.

Na san abin da za a ce. Ba wuta, ba kwamfutoci, ga halin tsaro da ke sa ba a son ajiye kaya masu tsada a makaranta. Duk gaskiya ne, mu ma a garin muke kwana. To amma ba ɗaki cike da na'urori nake roƙo ba. Wannan shirin ba ya buƙatar intanet, ba ya buƙatar sabuwar kwamfuta. Guda ɗaya tak, a yi mata caji a shagon masu sola, malami ya zo da ita da safe ya koma da ita gida in an tashi. A raba mu biyar-biyar, kowa ya samu ko minti goma ne.

Kuma mu tuna, tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB. Ɗalibin da bai taɓa danna madanni ba zai zauna kusa da ɗan birnin Katsina, agogo yana ƙirga musu lokaci ɗaya a saman fuska, shi yana neman inda harafin B yake.

Ina roƙon Shugaban Makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai su sa wannan magana a zamansu na gaba. Kafin nan, na rubuta layukan biyar a takardar da ke manne ƙasa da wannan. Duk wanda yake da yaya ko kawu mai kwamfuta ya kwafa ya gwada, in lambobi sun zubo masa ya neme ni lokacin tara.

Daga wata ɗaliba 'yar aji biyu