Kafin ka sauya waya, auna sabis tukuna

A 'yan shekarun nan akwai magani guda da jama'a ke rubuta wa kansu duk lokacin da kira ya riƙa yankewa ko intanet ta tsaya cik: a sauya waya. Mai shago a Tsohuwar Kasuwa da kuɗin ciniki suka maƙale masa a hanya, da ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ya kwana yana fama da shafin rajista a Dundaye, da uwargida a Mabera da ba ta jin muryar ɗanta da ke karatu a Zariya sai ta fito tsakar gida, duk hukuncinsu ɗaya ne: wayar ta tsufa. Sai a tattara abin da aka tara, a haɗa da kuɗin adashi ko rance, a nufi shagon waya.

A shagon kuma tambayoyin sanannu ne. Kyamara nawa gare ta? Yaya girman ma'ajiyarta? Cajinta yana kwana? Da wuya ka ji wanda ya tambayi abin da ya fito da shi daga gida tun farko, wato yadda take kama sabis. Bayan kwana biyu sai ka ga mutum ya koma bakin tagar da ya saba tsayawa, sabuwar waya a kunne, yana ta "kana ji na?" kamar jiya. An bar jaki, an doki taiki.

Asarar kuwa ba ƙarama ba ce. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, kuma wayar zamani mai matsakaiciyar daraja takan lashe albashin wata biyu ko uku na irin wannan ma'aikaci. Lokacin da MTN da Econet suka fara aiki a watan Agustan 2001, waya ado ce ta masu hali. Yanzu ta zama banki, ta zama aji, ta zama rumfar kasuwa. Wanda ya ga ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 ya san abin da ake nufi da mutum ya tsaya gaban mai awo, kuɗinsa na cikin asusu, amma sabis ya hana shi ɗaukar kwanon gero.

Mu a Sakkwato mun ma sami darasin da ya fi wannan. A watan Satumban 2021, saboda matsalar tsaro, aka rufe hanyoyin sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar. A waɗancan wurare wayar naira miliyan ɗaya da ta naira dubu biyar suka zama daraja ɗaya, duk sai haska fitila. Abin da wannan ya koya mana shi ne waya ba ta ƙirƙirar sabis, karɓar sa take yi. Komai tsadarta, abin da ya iso gare ta kawai za ta iya kamawa.

Abubuwa uku ne ke haɗuwa kafin kira ya fita tas: ƙarfen sabis na kamfani, da hanyar da ke tsakaninsa da kai, sannan wayar da ke hannunka. Sauya waya na ukun kaɗai yake gyarawa. Idan ƙarfen ya yi nisa, ko injinsa ya rasa mai, ko masu aikin hanya sun tsinke wayar da ke binne a ƙasa, babu abin da sabuwar waya za ta tsinana. A ranar 14 ga Maris 2024 wasu manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi a Najeriya suka shiga tasku, kuma duk wanda ya sayi waya a wannan mako don intanet ɗinsa ta yi sanyi ya yi asarar banza. Haka nan idan matsalar daga ginin ce. Katangar ƙasa mai kauri irin ta tsofaffin gidajen Kanwuri, da bulon siminti, da rufin kwano, da ƙarafan taga, duk suna rage ƙarfin sabis kafin ya iso ɗaki. Saboda haka aikin farko shi ne gano mai laifi.

A nan sai mai karatu ya yi hattara da 'yan sandunan nan da ke saman fuskar waya. Babu wata doka ta duniya da ta ce ga ƙarfin da za a kira sanda uku ko huɗu; kowane kamfanin ƙera waya da nasa lissafin. Ana iya ajiye wayoyi biyu kan tabarma ɗaya, ɗaya ta nuna sanda huɗu, ɗaya ta nuna biyu, alhali abin da suke kamawa ɗaya ne. Wannan ba zargi ba ne. A shekarar 2010, da masu sayen iPhone 4 suka yi ta kukan cewa sabis na faɗuwa idan an riƙe wayar ta gefen ƙasa na hagu, kamfanin Apple da kansa ya fito ya ce lissafin da yake amfani da shi wajen nuna sandunan kuskure ne, yana nuna fiye da abin da ke akwai. Daga baya ma har riguna ya raba wa masu wayar kyauta. Idan kamfani irin wannan zai yi tuntuɓe, to, sandunan ba shaidun da za a yanke hukunci da su ba ne.

Shaidar gaskiya lamba ce, kuma tana cikin wayarka. A wayoyin Android a shiga setin, a gangara sashen da ke ba da bayanin wayar, a buɗe matsayin sim. Za a ga ƙarfin sabis a rubuce, da alamar ragi a gabansa da haruffan dBm a bayansa. A iPhone kuma a danna *3001#12345#* kamar za a yi kira, a nemi lambar da ake kira RSRP. Ƙa'idar karanta ta mai sauƙi ce: gwargwadon ƙanƙantar adadin, gwargwadon ƙarfin sabis. A kan 4G, -80 sabis ne mai kyau ƙwarai, -95 ana aiki lafiya, -110 an fara wahala, -120 kuwa ana bakin yankewa. Wani abin lura shi ne lambobin ba sa tafiya kamar ƙidayar kuɗi. Bambancin 3 yana nufin ninki biyu, bambancin 10 kuma ninki goma. Wayar da ta nuna -95 a inda wata ta nuna -105 tana karɓar ƙarfin da ya ninka na ɗayar sau goma.

Da wannan lamba mutum zai iya yi wa gidansa bincike ba tare da ya kashe ko kwabo ba. Ya duba ta a cikin ɗaki, ya duba a tsakar gida, ya duba a ƙofar gida, ya rubuta. Idan a waje -90 ce amma a ɗaki -112, gini ne ya ci sabis, kuma sabuwar waya za ta tarar da katangar nan a inda take. Sannan ya ɗauki sim ɗinsa ya sa a wayar ƙaninsa ko ta maƙwabci, ya tsaya a daidai wurin, ya tabbatar duka wayoyin suna kan 4G, domin ma'aunin 3G daban ne. Ya dakata kamar minti guda lambar ta zauna, ya duba sau uku ko huɗu. Idan bambancin bai wuce 2 ko 3 ba, wayarsa ba ta da laifi. Idan kuwa kullum tasa tana baya da 8 ko 10, to, a nan ne maganar gyara ko sauyi ta taso. Daga ƙarshe ya sa layin wani kamfani a tasa wayar. Sau da yawa a nan asiri ke tonuwa: ƙarfen wani kamfani ya fi kusa da unguwar, kuma maganin da ake shirin kashe wa dubu ɗari biyu ashe sabon layi ne.

Akwai kuma ciwon da lambar ba ta nunawa, wato cunkoso. Ƙarfen sabis kamar famfon unguwa ne: ruwan da ke fita iyakarsa ke nan, masu jarka ne ke ƙaruwa. Shi ya sa ɗalibi a ɗakin kwanan ɗalibai zai ga sanduna cike da ƙarfe tara na dare amma shafi ya ƙi buɗewa, da asuba kuma ya buɗe kamar walƙiya. Duk wanda intanet ɗinsa ke gudu da sassafe ta kwanta bayan isha'i, alhali lambar ba ta motsa ba, ya san ba wayarsa ce ke ciwo ba.

To, a ce bincike ya tabbatar wayar ce. Abu na gaba shi ne zango. Bahaushe ba baƙon wannan magana ba ne, domin ya tashi da rediyo. Akwatin da ke kama FM kaɗai zai kawo maka tashoshin gari, amma ba zai taɓa kawo maka gajeren zango ba, komai sabuntarsa. Haka waya take. Kamfanonin Najeriya suna watsa 4G a zanguna kamar na 700 da 800 da 1800 da 2600 megahaz, waɗanda a takardar bayanin waya ake rubuta su da lamba 28 da 20 da 3 da 7. Glo, alal misali, ya fara 4G ɗinsa a 2016 a zangon 700, kuma mutane da dama a lokacin sun tarar wayoyinsu ba sa ganin sa sam. Ƙananan zanguna su ne ke tafiya nesa suna ratsa katanga. Manyan kuma sun fi ɗaukar kaya amma numfashinsu gajere ne. Don haka mai zirga-zirga tsakanin birni da Wamakko ko Kware ko hanyar Illela ya fi kowa buƙatar wayar da ke da zango na 20 da na 28. Wasu wayoyin da aka ƙera don kasuwar Amurka ko ta Sin, musamman masu araha, ba su da wasu daga cikin waɗannan. Suna ɗaya, kamanni ɗaya, amma cikinsu daban. A duba lambar samfurin da ke jikin kwali, a bincika zangunanta kafin a taya.

Wayar gwanjo tana da nata ƙarin haɗari. Eriyar waya siraran wayoyi ne da ƙarafa da ke bin gefenta da bayanta. Idan ta taɓa faɗuwa, ko an buɗe ta an sauya fuska ko murfi, mai gyara na iya barin ɗan igiyar eriya a sake, wayar ta yi ta haske da kyan gani amma kunnenta ya toshe. Kuma a shago ba za ka gane ba, domin yawancin shagunan waya a tsakiyar gari suke, inda sabis ya fi ƙarfi. Saye a nan ba tare da gwaji ba cinikin biri ne a sama. Mai saye ya sa sim ɗinsa, ya kwatanta lambarta da ta tsohuwar wayarsa a wuri ɗaya, ya yi kira, ya buɗe intanet, ya riƙe ta yadda ya saba riƙewa ya ga ko lambar ta faɗi. Ya danna *#06# ya ga ko lambar IMEI ta yi daidai da ta kwali. Mafi muhimmanci, ya nemi sharaɗi a rubuce cikin rasit cewa zai je ya gwada ta a gida na kwana ɗaya ko biyu. Ɗan kasuwar da ya yarda da kayansa ba ya gudun wannan.

Maganar 5G ita ma a yi ta da lissafi. MTN da Mafab ne suka ci gwanjon lasisin farko a watan Disambar 2021, kuma da MTN ya fara aiki a 2022 birane bakwai ya ambata: Legas, Abuja, Fatakwal, Ibadan, Kano, Owerri da Maiduguri. Sakkwato ba ta cikin wannan jerin na farko. Zangon da ake amfani da shi, na 3,500 megahaz, ba ya nisa kuma katanga na wahalar da shi. Kafin mutum ya ƙara dubban nairori don harafi biyu a jikin kwali, ya ga wayar wani ta nuna 5G a unguwarsu, a irin ɗakinsa. Gani ya kori ji.

Raunin sabis ba a kira kaɗai yake tsayawa ba. Wayar da ke nesa da ƙarfe sai ta ƙara ƙarfin da take aika saƙo da shi, ta sha caji, ta ɗau zafi. A bazarar Sakkwato, da zafi ke haura digiri 40 tsakanin Maris da Mayu, wannan yana saurin tsufar da batir. Da yawa daga masu kukan waya ba ta riƙe caji, asalin ciwonsu sabis ne.

Ga wanda gini ya zame wa matsala, ƙaramar na'urar raba intanet da aka ajiye bakin tagar da ta fi samun sabis ta fi sabuwar waya araha da amfani. Na'urorin ƙara ƙarfin sabis da ake sayarwa a ɓoye kuwa, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta sha gargaɗin cewa amfani da su ba da izini ba laifi ne, domin suna dagula wa maƙwabta nasu. Idan laifin na kamfani ne, a kai masa ƙorafi a karɓi lambar shaida. Idan ya yi biris, a kira NCC kyauta a 622. Tun da hukumar ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, mai biya yana da cikakken haƙƙin ya nemi aikin da ya biya.

Ƙungiyoyin masu sayar da waya na jihar nan su ma suna da rawar takawa. Da za su mayar da gwajin kwana biyu al'adar kasuwa, su koya wa yaran shago bambancin zanguna, da rigimar "ka sayar mini da mushe" ta ragu, amana ta ƙaru. Kafin nan, nauyin yana wuyan mai saye. Kwana uku na duba lamba da aron wayar ɗan'uwa ba za su ci maka komai ba, kuma za su gaya maka inda ya kamata kuɗinka su tafi: shagon waya, wurin mai gyara, ko kuwa su ci gaba da zamansu a aljihu.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.