Kamun Ƙaguwa: A Nemi Lungu, A Bar Tsakiyar Ruwa

Ina roƙon Edita ya ba ni fili in yi wa 'yan'uwana ɗalibai magana a kan wani wasa da waɗansunmu ke sha'awa ran hutu, watau shiga kwalekwale a tafi kamun ƙaguwa. Ni ban ga aibin wasan ba. Yana motsa jini, yana kuma koya wa mutum sanin halitta fiye da yadda allo da alli za su koya masa. Abin da nake ƙi shi ne halin samari na tuƙa jirgi zuwa tsakiyar ruwa don a ce su jarumai ne. Wanda ya yi haka ya yi hasara biyu: bai sami ƙaguwa ba, ya kuma sa ransa cikin hatsari.

Ga dalili. Ƙaguwar da muke da ita nan ƙasar Abuja ta ruwan daɗi ce, dabam take da babbar nan ta bakin teku da ake kamawa wajen Ikko. Tamu ba ta iyo a sarari. Zamanta ƙarƙashin duwatsu ne, da cikin ramukan gaɓa, da tsakanin saiwoyin itatuwa, inda ruwa ke kwance ba zurfi. Da rana tana ɓoye, sai yamma ta yi take fitowa kiwo. Ashe ke nan wurin da ƙaguwa take shi ne wurin da ƙaramin jirgi ya fi zama lafiya.

To, yaya ake gane irin wannan wuri? Sai a dubi iska tukuna. Raƙuman ruwa suna girma ne gwargwadon faɗin ruwan da iska ta ratsa kafin ta iso gare ka. Saboda haka gaɓar da iska ke fitowa daga wajenta ita ce mai lafiya, wadda iska ke bugawa kuwa ita ce mai wahala. Da hunturu, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, iska daga arewa maso gabas take zuwa, sai ka nemi gaɓar wannan sashe, ko bayan wani dutse, ko bakin rafin da ke zuba cikin tafki. Da damina iska takan juya ta fito daga kudu maso yamma, kai ma sai ka juya. Amma hadari daga gabas yake tasowa, balle a farkon damina da ƙarshenta, kuma guguwarsa takan riga ruwan isowa. Kadan ka ga gabas ta yi baƙi, babu lungun da ya isa. Ka naɗe igiyarka ka fita.

Kayan aikin ba su da tsada. Igiya ce, da kan kifi ko hanjin kaza a ɗaure, da 'yar koma ta ɗauka, da dutse mai nauyi wanda za a saki ya riƙe jirgi. In ka kama wadda ke ɗauke da ƙwai ko 'ya'ya a ƙarƙashin cikinta, mai da ita ruwa, gama ita ce ƙaguwar baɗi.

Wani zai ce ai tafkin Jabi da madatsar Usuma da ke wajen Ushafa ba teku ba ne, me zai sami mutum a ciki? Ina tuna masa da abin da ya faru a Bagwai ta Jihar Kano a watan Nuwamba 2021, inda jirgi ya kife a madatsar Watari, mutum fiye da 20 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. Wannan ma madatsa ce, ba teku ba. Allah ya jiƙansu. Saboda haka kada a cika jirgi, kada a miƙe tsaye a ciki, kowa ya sa rigar nan da ke hana mutum nutsewa, a kuma fita tun da sauran haske. Usuma kuwa ruwan shan birni ne, kada kowa ya sa jirgi ciki sai ya nemi izinin masu lura da shi.

Lungu ma yana da nasa sharri, ba zan ɓoye ba. Ruwa mai kwanciya da ciyayi nan ne gidan ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da ƙwayar tsargiya, wadda ke shiga jiki ta fata. Ka zauna cikin jirginka, kada ka sauka ka yi ta yawo cikin ruwa. Wanda zai ci abin da ya kama kuwa, ya dafa shi ƙwarai. Ƙaguwar ruwan daɗi takan ɗauki wata tsutsa da ke kama huhu, ta sa tari da jini har a zaci tarin fuka ne. Likitoci sun ga cutar da yawa a gabashin ƙasar nan bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, sa'ad da yunwa ta sa mutane cin ƙaguwa ba a dafa ta sosai ba.

Shawarata ga hukumar makaranta ita ce kada a hana wasan, domin wanda aka hana zai tafi a ɓoye. A kafa ƙungiya a ƙarƙashin malamin kimiyya, a koya wa 'yanta iyo, a kuma ɗauko masunci ya riƙa fita da su. Masunta sun san kowane lungu da kowace iska, kuma matambayi ba ya ɓata. Gobe mu ne za a tura makarantun ƙauyuka, waɗansunsu a bakin kogi, a damƙa mana 'ya'yan mutane. Malamin da bai san ruwa ba, me zai faɗa wa yaron da ke shiga jirgi kullum kafin ya iso aji?